Waiwaye: Yadda aka saba jiran yaro ya faɗi kafin a koya masa karatu

Muhawarar da ake tafkawa yanzu a kan yara masu larurar disleksiya, wato tsananin wahalar koyon karatu da rubutu, ta fi zafi a ƙasashen da ake karatu da Ingilishi. Jihohin Amurka da dama sun yi dokokin da suka wajabta a gwada kowane yaro tun farkon firamare. A Ontario ta ƙasar Kanada hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta fitar da rahoto a 2022 mai shawarwari 157 a kan haƙƙin yaro na ya iya karatu. Iyaye na cewa an bar 'ya'yansu sun girma ba su iya haɗa baƙi ba, malamai na cewa ba wanda ya koya musu wannan aikin a kwalejin horon malamai, wasu masana kuma na cewa sunan larurar ma bai da amfani. Wanda ya shigo zancen a yau sai ya ɗauka jiya aka gano matsalar, alhali ta haura shekara ɗari a rubuce.

Farkon labarin sananne ne. A 1877 likitan Jamus Adolf Kussmaul ya bayyana manyan da suka daina gane rubutu alhali idonsu da bakinsu lafiya lau. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, wanda rubutu ya gagara. James Hinshelwood, likitan ido a Glasgow, ya tattara irin waɗannan yara a littafinsa na 1917. A Amurka, Samuel Orton ya fara nasa aikin a 1925, daga baya Anna Gillingham da Bessie Stillman suka mayar da shi darussa: harafi da sautinsa ɗaya bayan ɗaya, yaro na gani, yana ji, yana furtawa, yana rubutawa. Sai gardamar da ta ci shekaru tsakanin masu cewa a koyar da sauti da harafi dalla-dalla da masu cewa a bar yaro ya gane kalma daga siffarta, da hoton da ke gefe, da ma'anar jimla. Wannan gardama ita kowa ke tunawa.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne tsakanin 1975 da 1977, kuma ba a cikin aji ya faru ba.

Tun zamanin Morgan, abin da ke ɗaure wa likitoci kai shi ne a ga yaro mai wayo ya kasa karatu. Yaron da ba a ganin wayonsa, in ya kasa, ba mai mamaki. A 1975 aka wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan yaran tsibirin Wight a kudancin Ingila, wanda ya raba masu raunin karatu gida biyu: waɗanda karatunsu ya yi ƙasa da abin da gwajin basirarsu ya nuna za su iya, da waɗanda karatu da basirar duka suke ƙasa. A shekarar nan kuma Amurka ta yi dokar da ta ba yara masu naƙasa haƙƙin ilimi kyauta a makarantun gwamnati, aka sa masu larurar koyo a ciki. Nan tambaya ta taso: wa za a ƙirga? Kuɗi na bin ƙidaya, kuma akwai fargabar cewa in ba a sa ma'auni ba, duk yaron da ya yi baya a aji za a rubuta shi. Ƙa'idar da ta fito a 1977 ta ce sai an ga tazara mai yawa tsakanin basirar yaro da abin da yake iya yi a karatu, rubutu ko lissafi. A takarda abin ya yi kama da adalci. Ga ma'auni, ga lamba, ba sani ba sabo.

Ga yadda lissafin yake. Gwajin basira da gwajin karatu duka an tsara su ne matsakaicin maki ya zama 100. Sai a ɗebe makin karatu daga makin basira. Ƙa'idar ba ta faɗi yawan tazarar ba, don haka kowace jiha ta yanka nata: wata maki 15, wata wajen 22, wata 30. A ɗauki yara biyu a inda ake neman 22. Na farko basirarsa 115, karatunsa 90, tazara 25, ya samu malami na musamman. Na biyu basirarsa 92, karatunsa 78, tazara 14, bai samu ba, duk da cewa shi ne ya fi kasa karatun. Yaro ɗaya ma yana iya zama mai larura a wannan jihar, iyayensa su ƙaura zuwa ta maƙwabta ya wayi gari ba shi da ita.

Illar da ta fi wannan ita ce ta lokaci. Ɗan shekara shida ba a tsammanin ya iya karatu mai yawa, saboda haka ko bai iya komai ba makinsa ba ya faɗuwa ƙasa sosai har tazarar ta cika. Sai an jira sa'o'insa sun yi nisa sun bar shi, galibi a aji uku ko huɗu. Malamar aji ɗaya tana ganin alamun tun zangon farko, ta tura shi gwaji, a dawo mata da amsar cewa bai kai ba tukuna, a sake kawo shi baɗi. Shekarun da ake jiran nan su ne waɗanda gyara ya fi sauƙi a cikinsu. Wata mai bincike, Connie Juel, ta bi yara 54 daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, ta wallafa a 1988 cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka gama aji ɗaya da raunin karatu haka suka gama aji huɗu. Kafin nan, a 1986, Keith Stanovich ya bayyana yadda abin ke ninkuwa: wanda karatu ke wa wuya ba ya karantawa, wanda ba ya karantawa kalmominsa ba sa ƙaruwa. Gwajin basira kuwa yana da ɓangaren sanin kalmomi. Ke nan in an daɗe ana jira makin basirar ma yana iya sauka, tazarar ta tsuke, a ce yaron daƙiƙi ne kawai.

Akwai illa ta uku, wadda ita ce ta fi shafar rigimar yau. Da aka ce larurar abu ce da sai ƙwararre ya auna da gwaje-gwaje, sai ta fita daga hannun malamin aji ta koma ɗakin gwaji. Yaron da ya kasa karatu, a cikin kansa za a nemi dalili. Fom ɗin gwajin ba ya zurfafa tambaya a kan yadda aka koya masa haruffa, ko minti nawa ya samu a rana, ko a wane jeri aka kawo su. Shi ya sa hanyar koyarwar da ke sa yaro ya dubi hoto da harafin farko ya cinci kalma ta daɗe ba a tuhume ta ba. Yaran da ta fi cutarwa an riga an ware su da wani suna, ko an ce ba su da kai.

Abin takaicin shi ne amsar ta riga ta fara fitowa kafin a rubuta ƙa'idar. A 1974 Isabelle Liberman da abokan aikinta sun ba yara ɗan sanda suka ce su ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya ga kowane yanki na kalma. In gaɓa ake ƙirgawa, kusan rabin 'yan shekara huɗu sun iya. In ƙwayar sauti ce, ba ko ɗaya a cikinsu, kashi 17 cikin 100 na 'yan shekara biyar, kashi 70 a ƙarshen aji ɗaya. A gwada da kalmar "gida": kowane yaro yana jin gi da da, amma jin sautuka huɗu a cikinta ba ya zuwa da kansa, domin a baki baƙi da wasali a narke suke fitowa. Rubutun abacada kuwa a kan waɗannan ƙwayoyin aka gina shi. Nan ne mai disleksiya ke tuntuɓe. Frank Vellutino ya nuna a 1979 cewa ba ganin haruffa a juye ne tushen ba. Rikita b da d abu ne da yawancin masu fara karatu ke yi, ya fi daɗewa ne kawai ga wanda bai riƙe sautin kowannensu ba. Lynette Bradley da Peter Bryant a Oxford sun nuna a 1983 cewa horar da yara jin sautuka yana ɗaga karatunsu, musamman in an haɗa da haruffa.

A shekarun 1990 an gwada tazarar kanta. Stanovich da Linda Siegel sun kwatanta masu raunin karatu da ke da tazara da marasa ita a 1994, suka tarar raunin sauti iri ɗaya ne. Binciken jihar Connecticut ta Amurka da Sally Shaywitz ta jagoranta, wanda ya bi yara 445 tun daga 1983, ya nuna iya karatu hawa-hawa ne, babu wani layi da ya raba mai larura da mara ita. Ya kuma nuna makarantu sun fi tura maza gwaji nesa ba kusa ba, alhali a gwajin masu bincike bambancin maza da mata kaɗan ne. Yarinyar da ta yi shiru a bayan aji ba ta damun kowa. A 1996 Vellutino ya ɗauki 'yan aji ɗaya masu tsananin rauni aka ba su darasi ɗaya-ɗaya na minti 30 kullum. Bayan zango guda wajen kashi biyu cikin uku sun kamo sa'o'insu. Da yawansu koyarwa suka rasa. Ragowar, waɗanda suka ci gaba da fama duk da koyarwa mai kyau, su ne masu larura mai nauyi, kuma makin basira bai nuna wa zai faɗa wane rukuni ba.

Kuɗin jinkiri ya fito fili a aikin Joseph Torgesen na 2001. Yara 60 'yan shekara 8 zuwa 10 sun samu darasi biyu na minti 50 kowace rana har mako takwas zuwa tara, awa 67 da rabi jimilla, malami ɗaya yaro ɗaya. Karanta kalma daidai ya gyaru ƙwarai. Saurin karatu kuwa ya ci gaba da zama a baya, domin sauri daga yawan kalmomin da ido ya saba da su yake zuwa, kuma shekaru ukun da sa'o'insu suka yi suna karatu ba a rama su a mako takwas.

Gyaran doka ya zo a makare. A 2004 Amurka ta hana jihohi tilasta amfani da tazara, ta buɗe hanyar duba yadda yaro ke amsa koyarwa, amma ba ta soke tsohuwar hanyar ba, kuma har yau akwai masu bin ta. Rahoton Jim Rose na 2009 a Ingila ya ce larurar tana samun yara a kowane mataki na basira. A 2013 kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya cire sharaɗin tazara. Ingila ta fara gwajin ƙarshen aji ɗaya a 2012: kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana don kada yaro ya tsira da hadda, ana neman 32. Kashi 58 cikin 100 suka ci a shekarar farko, a 2019 kashi 82.

Tsarin da ya maye gurbin jira ba shi da sarƙaƙiya. Ana gwada kowa sau biyu ko uku a shekara, gwajin mintuna kaɗan: sautin haruffa, raba kalma da haɗa ta da baki, saurin faɗin sunayen haruffa ko lambobi, da tambayar ko akwai mai irin matsalar a gida, tunda tana bin jini. Wanda ya yi ƙasa yana shiga rukunin yara uku zuwa biyar, minti 30, sau huɗu ko biyar a mako, ƙari a kan darasin aji. Darasin yana tafiya ne a jere: bitar tsoffin sautuka, sabon harafi ɗaya, haɗa shi cikin kalmomi, shifta, sannan ɗan labarin da ba shi da harafin da ba a koya ba. In ya ci karo da kalma, a ce ya bi ta harafi-harafi, kada a nuna masa hoto. Ana auna ci gabansa kowane mako ko biyu, in bayan mako goma zuwa goma sha biyu bai motsa ba a ƙara lokaci a rage yawan yara. Littafin sauraro da ƙarin lokacin jarrabawa suna tafiya tare da wannan don kada ya rasa kimiyya da tarihi yana jiran karatu. Tabarau masu launi da atisayen ido ba sa cikin jerin, ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka sun faɗi a 2009 cewa babu hujjar suna magani.

A harsunan da harafi ke bin sauti sosai, kamar Italiyanci, mai larurar yakan karanta daidai amma a hankali, da gargada, don haka gwajin da ba ya auna lokaci ba zai kama shi ba.

Inda sabon tsarin ke lalacewa shi ne inda tsohuwar ɗabi'a ta sake shigowa ta taga. Ana gwaji a ajiye sakamakon a fayil saboda babu malamin da zai ɗauki rukunin. Ana ba wanda ya fi kowa ƙarancin horo yaran da suka fi kowa buƙata. Ana fitar da yaro daga darasin karatu na aji don a kai shi darasin gyara, sai ya zama musanya aka yi. Wani yaron kuma yakan shekara biyu a rukuni ɗaya yana maimaita abin da bai yi aiki ba, ana cewa ana duba yadda yake amsawa, har ya kai aji uku ko huɗu, daidai shekarun da ake kama shi a ƙarƙashin ƙa'idar 1977.