Tambayoyi da Amsoshi Kan Cikar RAM da Saita Gudunsa a Kwamfutar Wasanni

Daga ɗakunan ɗalibai a Yelwa da Gwallameji zuwa gidajen gem na cikin garin Bauchi, mafi yawan kwamfutocin da ake wasa da su na hannu ne, ko kuma waɗanda aka harhaɗa kayansu ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aljihu. Koke biyu ake yawan ji a kansu: RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, yana cika, ko kuma ba ya gudu yadda aka rubuta a jikinsa. Waɗannan matsaloli ne mabambanta, kuma a ganina ya kamata mutum ya karanta abin da kwamfutar take nuna masa kafin ya nufi kasuwa da kuɗinsa.

Ban buɗe komai ba, amma rabin RAM ya riga ya tafi. Kwamfutar ta lalace ne?

Yawanci lafiyarta ƙalau. Windows 11 ba ta yarda a ɗora ta a kan ƙasa da giga 4 ba, kuma ita da manhajojin da ke tashi tare da ita suna iya riƙe giga uku zuwa huɗu tun kafin a taɓa komai, wanda a kwamfuta mai giga 8 rabi ke nan. Bayan haka Windows tana ajiye abubuwan da aka saba buɗewa a cikin RAM da gangan, kamar yadda mai shayi yake barin gwangwanin madara da sukari a kan tebur saboda ya san za a sake nema, amma yana kawar da su nan take idan ana buƙatar wurin. A danna Ctrl da Shift da Esc tare domin buɗe Task Manager, a shiga Performance, sannan Memory. Adadin da ke ƙarƙashin Available shi ne abin da wasa zai iya samu, kuma ya haɗa da mafi yawan wannan ajiyar.

To yaushe ne cikar ta zama matsala ta gaske?

Lokacin da Available ya kusa ƙarewa ana cikin wasa, hoto ya riƙa tsayawa yana fizga, musamman idan an shiga sabon wuri a taswira. Abin da ke faruwa shi ne Windows ta fara kwashe kaya daga RAM tana zubawa a wani fayil da ke kan faifan ajiya, kuma idan faifan tsohon hadis ne mai juyawa, jinkirin yakan yi muni ƙwarai. A duba layin Committed mai lambobi biyu: idan ta farko ta kusa taɓa ta biyu, wasan yana dab da rufe kansa. Wasu suna kashe wannan fayil ɗin da sunan ƙara sauri, ni kuwa ba na ba da wannan shawara, domin yakan sa wasanni su riƙa mutuwa ba gargaɗi. Giga 8 yana ɗaukar tsofaffin wasannin ƙwallo da GTA V, amma sababbin manyan wasanni irin su Warzone suna son giga 16 kafin su sake.

Yaya zan gano abin da ke cinye shi?

A shafin Processes a danna kan Memory domin manya su hau sama. Sau da yawa burauza ce mai shafuka ashirin, da Discord, da manhajojin buɗe wasa biyu ko uku, da rigakafin bairos guda biyu da ke aiki lokaci ɗaya. A shiga Startup a hana waɗanda ba a buƙata tashi da kansu.

Akwai kuma wadda ta fi wuyar kamawa, wato a tara duk abin da ke cikin jerin a ga bai kai adadin da aka ce ana amfani da shi ba. A nan sai a duba Non-paged pool a shafin Memory. A al'ada bai fi 'yan ɗaruruwan mega ba, don haka idan ya haura giga biyu yana ci gaba da hawa, wani direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashen kwamfutar, yake karɓar wuri ba ya mayarwa, galibi na katin intanet, kuma maganinsa a sabunta shi daga shafin kamfanin da ya yi madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfuta da ake jona sauran kaya a kansa. Manhajar RAMMap ta Microsoft kyauta ce, tana nuna wannan rabon dalla-dalla. A kuma sani cewa Shut down ba ya wanke RAM gaba ɗaya idan Fast Startup, saitin Windows na saurin tashi, a kunne yake, Restart ne yake yin hakan. Wasannin da aka fasa ake turawa ta filasha kuwa, wasunsu suna zuwa da ɓoyayyun manhajoji masu aiki a bayan fage, kuma wannan ya isa dalilin a yi bincike da Windows Security.

Na sa giga 16, amma an ce takwas kawai ake iya amfani da su.

A duba Hardware reserved a shafin Memory. Idan kaɗan ne, zuwa giga ɗaya ko biyu, sashen hoto na cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ne ya ɗiba. Idan ya kai rabi, yawanci sandar RAM ɗaya ce ba ta zauna daidai ba, ko ƙurar hunturu ta shiga ramin. A cire wuta, a zare sandunan, a hure ramukan, a mayar har sai maƙallan sun kama. A kuma tabbata ba a zaɓi Maximum memory a cikin msconfig, manhajar saitin tashin Windows, ba, kuma Windows ɗin ba mai bit 32 ba ce, domin ita ba ta wuce kusan giga 4.

A jikin sandar an rubuta 3200, Task Manager kuwa yana nuna 2133. An cuce ni ne?

Ba lallai ba ne. Kowace sanda tana tashi da gudun aminci da ƙungiyar JEDEC ta tsara, wanda a RAM nau'in DDR4 yakan kasance 2133 ko 2400 ko 2666, a DDR5 kuma 4800. Babban gudun da ke kan kwali yana cikin wani saiti da aka adana a sandar, sai an kunna shi da hannu. Intel ta kira nata XMP, AMD ta fito da EXPO a 2022 tare da Ryzen 7000, a allunan madabod na ASUS masu furosesan AMD kuma za a ga DOCP. A sake kunna kwamfutar, a riƙa danna Delete ko F2 har BIOS, wato shafin saitin madabod, ya buɗe, a zaɓi saitin XMP ko EXPO na farko, a danna F10 a adana.

Sai dai madabod da furosesa suna da nasu iyaka. Allunan Intel H410 da B460 suna tsayar da Core i5 na ƙarni na goma a 2666 ko da sandar ta fi haka, sai a B560 aka buɗe wannan ƙofa. Kwamfutocin ofis da ake saye na hannu a mayar na wasa, da mafi yawan laftof, ba su da XMP kwata-kwata.

CPU-Z, manhajar duba kayan kwamfuta, yana nuna mini 1600, alhali na kunna 3200.

Daidai ne. DDR tana aika bayanai sau biyu a kowane bugun agogo, don haka 1600 sau biyu shi ne 3200.

Na kunna XMP, allo ya yi baƙi ko wasa yana mutuwa. Me zan yi?

Da farko a yi haƙuri, domin DDR5 yakan ɗauki mintuna yana daidaita kansa a tashin farko allo a baƙe. Idan ya ƙi, a cire wuta, a zare ƙaramin batirin CR2032 da ke kan madabod na 'yan mintuna, BIOS zai koma yadda ya zo. XMP tura sanda ne sama da gudun aminci, a DDR4 yakan ɗaga wutarta daga bolt 1.2 zuwa 1.35, kuma ba kowane furosesa ne yake jurewa ba. A sauko mataki ɗaya, daga 3600 zuwa 3200 misali, sannan a gwada da manhajar gwajin RAM ta MemTest86 na sa'o'i. Kuskure ko ɗaya ne ya isa a ce saitin bai zauna ba, kuma irin wannan yana lalata fayiloli a ɓoye. Ina ba da shawara a yi gwajin da rana, domin saitin da ya zauna a sanyin Disamba yana iya kasawa a zafin Afrilu na Bauchi. Wanda zai sabunta BIOS kuma kada ya fara sai yana kan inbata ko UPS, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe madabod ɗin.

Zan iya ƙaro sanda ta hannu in haɗa da tawa?

Za ta iya aiki, amma duka za su sauko zuwa gudun wadda ta fi rauni, kuma XMP yakan ƙi zama. A nemi mai girma ɗaya da gudu ɗaya da lambar CL ɗaya, wato lambar jinkirin sandar, a kuma gwada ta a shagon kafin a biya. DDR4 ba ya shiga ramin DDR5 ko na DDR3. Duk da haka, ga mai sanda ɗaya tal ta giga 8, ƙara ta biyu ya fi kowane saitin gudu amfani, domin tana ninka wurin kuma tana buɗe hanya ta biyu tsakanin RAM da furosesa, abin da ake gani sosai a kwamfutocin da ba su da katin hoto na daban. A madabod mai ramuka huɗu, yawanci rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa sandunan, waɗanda aka yi wa alamar A2 da B2.