Ƙafar doki ba ta faɗin yadda jarumi ya mutu

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo, yanzu ma a WhatsApp ake ta tura ta, wai in ka ga mutum-mutumin jarumi a kan doki ka duba ƙafafun dokin: in biyu na gaba suna sama a fagen yaƙi ya mutu, in ɗaya ce rauni ya samu, in duk huɗun suna ƙasa to a kan gadonsa ya cika. Daɗin ji kam akwai, amma babu wata doka irin wannan da maƙera suke bi.

Duba mutum-mutumin Andrew Jackson, tsohon shugaban Amurka, da ke gaban fadar White House tun 1853, doki ya yi tsaye ƙafa biyu a sama, alhali mutumin a gidansa na Tennessee ya mutu a 1845. Haka na sarki Peter na Rasha a Saint Petersburg, shi ma ciwo ne ya kashe shi a 1725.

Abin da ya ƙara wa zancen ƙarfi shi ne filin yaƙin Gettysburg na 1863 a Amurka, inda wasu mutum-mutumin suka yi daidai da zancen, misali Janar Reynolds da aka kashe a wurin, dokinsa ƙafa biyu a ɗage, sai mutane suka ɗauka ko'ina haka ne. A can ɗin ma na Janar Longstreet da aka kafa a 1998 ƙafa ɗaya a sama, kuma bai ji rauni a wannan yaƙin ba.

Ainihin abin da ke sa a ɗaga ƙafar doki ko a ajiye ta shi ne: mai ba da kwangila ne ke son a ga gwaninsa da kwarjini, maƙeri kuma yana lissafin yadda tagulla mai nauyi za ta tsaya ba ta faɗi ba.