Waiwaye: hoton ciki da cutar endometiriyosis, daga Gilasgo zuwa Mai Wurno

A Mai Wurno da unguwannin Hausawa na Gadarif da Kasala a ƙasar Sudan, yarinyar da ciwon mara ke kwantarwa duk wata takan ji magana ɗaya daga iyaye mata: ki daure, in kin yi aure kin haihu zai daina. Wasu daga cikin 'yan matan kuwa cutar endometiriyosis ke cinsu. Nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa yake tsira a wajenta, a jikin ƙwan mace, ko hanji, ko mafitsara, yana kumbura duk lokacin al'ada, har ya manne kayan ciki ya kawo jinkirin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin miliyan 190.

Likitoci sun daɗe da saninsa. Tun 1860 Rokitansky na ƙasar Ostiriya ya bayyana irin wannan nama, a shekarun 1920 kuma John Sampson na Amurka ya raɗa wa cutar suna, ya ce jinin al'ada ne ke komawa baya ya zuba a ciki. Wahalar tana wajen ganinsa. Shekara da shekaru ba a tabbatar da cutar sai an sa mace barci, an huda cibiya an zura kyamara, aikin da a nan ake kira manzar. Wa zai kai 'yarsa ɗakin tiyata kan ciwon mara? Shi ya sa mace kan yi shekaru tana shan maganin rage zafi kafin a san abin da ke damunta.

A 1958 Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo na Birtaniya suka nuna cewa sauti na iya zana hoton abin da ke cikin ciki. Sauyi na gaske ya zo a shekarun 1980, da aka samu sandar hoto da ake sawa ta gaba, domin tana kusantar mahaifa. Da ita ƙullutun da ke cike da tsohon jini a ƙwan mace yake fitowa ɓaro-ɓaro. A 2016 ƙungiyar masana ta IDEA ta tsara yadda za a bi lungu-lungu, har likita ya ɗan tura mahaifa ya ga ko tana zamewa a kan hanji ko ta manne. A 2022 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta sauke manzar daga matsayin hanyar farko, ta ce a fara da hoto.

Sai dai hoto ba ya kama ƙananan ɗigon da ke shimfiɗe a fatar cikin ciki, kuma ingancinsa na hannun mai riƙe da sandar ne. A ganina takardar da ta ce "babu komai" ta fi cutar da mata, domin da ita ake rufe musu baki a gida.

A Sudan akwai ƙarin shinge. Budurwa ba a yi mata hoto ta gaba, haka macen da aka yi wa kaciyar Fir'auna, wadda ake ɗinke gaban mace (dokar 2020 ta haramta kaciyar mata, amma ba ta warware ɗinkin da aka riga aka yi ba). Sai a koma hoton saman ciki, wanda bai cika ganin cutar mai zurfi ba. Hoto ta dubura ko na'urar MRI kan cike giɓin, amma kafin yaƙi ƙwararrun da na'urorin sun fi yawa a Khartum. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe asibitoci da dama a can, Wad Madani ma ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disamban shekarar kafin sojoji su ƙwato ta a Janairun 2025, likitoci da yawa kuma sun riga sun fice zuwa Masar da sauran ƙasashen Larabawa.