Sauka a otal ɗin bakin kogi a Njamena: abin da baƙo ke son sani

Duk wanda zai zo Njamena karon farko, daga Kano ko Maiduguri ko Garwa, sai ya ga hoton otal a bakin kogin Shari ya ce nan zai sauka. Ga tambayoyin da suka fi zuwa mini a kan haka.

Shin bakin kogi ya yi nisa da cikin gari?

Ya danganta da abin da ya kawo ka. Njamena ta miƙe ne a gefen Shari, daidai inda kogin Logon ke zubowa cikinsa. Unguwa irin su Sabangali tana bakin ruwa, akwai iska, babu hayaniya. Amma babbar kasuwa da babban masallaci da titin Charles de Gaulle, inda bankuna da manyan kantuna suke, ba wurin zuwa da ƙafa ba ne daga can, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Mai taron kwana uku a cikin otal ya more. Ɗan kasuwar da zai yi sawu huɗu a yini tsakanin ɗaki da rumfa kuwa, ni dai shawarata ya nemi masauki kusa da kasuwa, don abin da zai ba masu abin hawa ya isa kuɗin wani ɗakin.

Da me ake zirga-zirga?

Da babur ɗin haya, wanda a nan ake kira kalando, wato acaɓa ko kabu-kabu. Sai tasi, ko ta cika-mu-tafi ko ka ɗauke ta shata, sai ƙananan bas masu bin manyan tituna. A bakin kogi abin hawa ba ya wucewa kowane minti kamar a kasuwar Dembe, kuma wanda ke tsaye a ƙofar otal ya san baƙo zai ɗauka. Taka kaɗan zuwa bakin titi, farashi ya sauka. In ka dace da direba mai kirki, karɓi lambarsa. Bayan isha'i shi za ka kira, kada ka tsaya tare babur a duhu.

Yaya ake ciniki, tunda ba Hausa ce yaren gari ba?

Nan ne baƙi ke shan ruɗu. Larabcin Cadi ne yaren titi, Faransanci na ofis, Hausa kuma ba ka rasa mai jin ta a kasuwa. Kuɗin sefa ne, iri ɗaya da na Kamaru, ba irin na Nijar ba. Amma ba da faran ake ƙirge ba, da riyal ake yi, riyal ɗaya kuwa faran 5 ne, daidai da dala a bakin mutanen Maraɗi. Idan mai kalando ya ce maka "miya", ba ta kuka yake nufi ba: ɗari ke nan, riyal 100, wato faran 500. "Miten" kuma faran 1,000. Na ga wani Alhaji ya miƙa ƙwandalar faran 100 bayan an sauke shi, yana murna ya samu araha, yaron ya riƙe ta a tafin hannu yana kallonsa ya ce, "Baba, saura huɗu." A gama magana kafin a hau, a kuma riƙe canji, don takardar 10,000 ba mai babur da zai fasa maka.

Zan iya leƙa Kusiri in dawo?

Sosai, in takardunka na nan. Za ka haye gadar Shagwa a kan Shari zuwa unguwar Waliya, sannan gadar Ngeli a kan Logon, sai ga ka a Kamaru. A Kusirin nan aka kashe Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno da yaƙi, a 1900, a yaƙin da kwamandan Faransa Lamy shi ma ya mutu, shi ya sa Njamena ta ci sunan Fort-Lamy har 1973. Fita da safe, ka dawo da sauran rana, domin gadar kan cushe da manyan motocin kaya.

Ruwan fa, babu matsala?

Kogi ba ya cika sai damina ta ja baya, wajen Oktoba, lokacin da ruwan kudu ke isowa. A 2022 ya mamaye gidaje da dama a Waliya. In a wannan tsakani za ka zo, tambayi otal halin da hanyar shiga take ciki. Sauro kam sai gidan sauro. Wanka a kogi kuma a bar wa 'yan gari, akwai dorina.

Hoto fa?

Faɗuwar rana a kan Shari, masunta na ja da kwalekwale, ta cancanci a ɗauka daga barandar ɗaki. Amma fadar shugaban ƙasa ma tana kusa da kogin. Kana ganin soja, ko gada, ko ginin gwamnati, mayar da waya aljihu har ku wuce.