Maganganun Rumawan Dā Kan Yaƙi Da Sa'a: Amsar Tambayoyin Da Kuke Ta Maimaitawa

Julius Kaisar ne ya ce "mai son zaman lafiya ya yi shirin yaƙi"?

A'a. Vegetius ne, wani marubucin Rum kan harkar soja, a ƙarshen ƙarni na 4 miladiyya, fiye da shekara 400 bayan kashe Kaisar. Don Allah ku daina jingina wa Kaisar duk maganar da ta yi muku daɗi a kunne.

Ashe ba maguzawa ba ne? Me za mu koya wurinsu?

Gumaka suke bauta wa, har sa'a ma sun yi mata gunkiya mai suna Fortuna. Ba wanda ya ce ka ɗauki aƙidarsu. Kwantar da hankalinka, tarihi kake karantawa.

Sun ce sa'a tana tare da mai ƙarfin hali. To in zuba duk jarina a harkar da aka kawo mini, ko in dakata?

Wannan ita ce tambayar da ba na son a amsa da gaggawa. Fara da sanin wanda ya faɗi maganar. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvius da ke Italiya ya yi aman wuta. Pliny Babba, kwamandan jiragen ruwan yaƙi a Misenum, ya nufi wurin. Toka da duwatsu na zubowa kan jirgin, matuƙi ya ce a juya, shi kuwa ya ce sa'a tana taimakon jarumi, a ci gaba. Washegari ya mutu a bakin teku a Stabiae. Ba na zarginsa, ceton mutane ya je yi. Amma masu yaɗa maganar ba sa faɗa maka ƙarshen labarin.

Ga kuma Fabius Maximus, wani kwamandan sojojin Rum. Da Hannibal, kwamandan sojojin Carthage ta Arewacin Afirka, ya addabi Italiya, Fabius ya ƙi yin gaba da gaba da shi, sai bin sa a tsaunuka yana hana shi abinci. Mutanen Rum suka kira shi matsoraci. Aka naɗa masu zafin kai, suka kai runduna Cannae a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kashe dubun dubatar Rumawa a yini ɗaya.

Sai dai kar ka ce ashe jira ne kullum daidai. Fabius ɗin nan ya yi adawa da wani kwamandan Rum, Scipio, lokacin da Scipio ya nemi tsallakawa Afirka da yaƙi, kuma Scipio ne ya karya Hannibal a Zama a shekara ta 202 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da an bi Fabius a nan, mai yiwuwa yaƙin ya ƙara jan lokaci.

Abin da zan iya ce maka, in harkar ta rushe za ka iya tashi, ko iyalinka ne za su kwana da yunwa? Seneca, masanin falsafa na Rum, ya ba da shawarar mutum ya riƙa hango mafi munin abin da zai iya faruwa tun kafin ya zo. Zauna ka yi wannan lissafin. Kuma Scipio bai tsallaka teku ba sai da ya ɗauki lokaci yana horar da sojojinsa a Sisili.

Duk sun yabi yaƙi ne?

Ina! Tacitus, marubucin tarihin Rum, ya sa wa wani shugaban ƙabilun arewacin Birtaniya magana a baki, cewa Rumawa kan mai da ƙasa kufai su kira shi zaman lafiya. Surukin Tacitus ɗin, wato mahaifin matarsa Agricola, shi ne ke jagorantar rundunar da ake zagi.

Me ya sa wanda ya cuce ni shi ne kuma yake gaba da ni?

Tacitus ya riga ya amsa: halin ɗan Adam ne ya tsani wanda ya zalunta. Daina neman laifinka a ciki.