Gwajin Koyarwa a Ɗakin Raino

Gwajin koyarwa a ɗakin raino shi ne zaman da ɗalibar kwalejin ilimi mai karantar rainon yara da ilimin ƙuruciya take yi a wata cibiya ta jarirai da 'yan tatata, tana aiki da hannunta, ma'aikaciyar ɗakin tana lura da ita, malamin da kwaleji ta turo kuma yana zuwa dubawa yana ba da maki. A bakin ɗalibai sunansa TP, kamar yadda ake kiran na firamare da sakandare. Yaran da ake nufi su ne daga ɗan goye har zuwa mai shekara uku ko kusa da haka. Akwai maza a wannan fanni, amma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa akan ce "ɗaliba" idan ana maganarsa.

Asali da matsayinsa

Raino ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kaka tana yi, yaya tana yi, a gidajen masu hali akwai 'yar raino ta musamman. Abin da yake sabo shi ne mayar da shi sana'ar da ake karantawa a kwaleji har a ba da takarda. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhajar takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da ake buƙata kafin mutum ya koyar a Najeriya. Karatun shekara uku ne, kuma ilimin ƙuruciya yana cikin fannonin da ake ƙwarewa a kai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. A 2007 hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar yara daga haihuwa zuwa shekara biyar, tare da mafi ƙarancin ƙa'idojin da cibiyar raino za ta cika.

Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ware shekarun haihuwa zuwa huɗu ga gidajen raino da nazare, sannan shekara ɗaya ta share fagen firamare ga ɗan shekara biyar. Ta kuma ƙayyade ma'aikaciya ɗaya ga yara 10 a ɗakin raino, ɗaya ga 25 a nazare. Duk wadda ta taɓa riƙon jarirai biyu a lokaci guda ta san goma ma ya yi yawa, to amma ko wannan adadin ba ko'ina ake cika shi ba.

Yadda ake shirya shi a Kaduna

Jihar Kaduna tana da tsofaffin gidajen horar da malamai. Akwai kwalejin ilimi ta tarayya da ke Zariya, wadda ta fara a 1962 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, daga baya aka ɗaga ta zuwa jami'ar ilimi. Akwai kwalejin ilimi ta jiha a Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Akwai cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, da aka kafa a 1976, mai hedkwata a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, wadda ta shahara da karatu daga nesa. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana horar da malamai a matakin digiri.

A tsarin NCE, gwajin yana cin zangon karatu guda cikakke a shekara ta uku. Kafin nan ɗaliba takan wuce ƙaramin gwaji a cikin kwaleji, inda take koyar da abokan karatunta na 'yan mintoci, su yi mata gyara. Daga nan a ba ta takardar turawa, ta kai wa shugabar makarantar da za ta karɓe ta.

A nan ne matsalar farko take. Makarantun firamare na gwamnati da ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, inda suke da sashen ƙananan yara, sun fi ɗaukar masu shekara uku zuwa biyar. Ɗakunan jarirai na gaske galibi suna makarantu masu zaman kansu ne, a unguwanni irin su Barnawa, Malali da Unguwar Rimi, ko kuma kusa da ma'aikatu da asibitoci inda iyaye mata suke aiki. Saboda haka ɗaliba tana iya gama gwajinta kaf a ajin nazare, ta karɓi takardar da ke cewa ta ƙware a rainon yara daga haihuwa, alhali ba ta taɓa canza wa ɗan wata shida famfas a gaban mai dubawa ba. Wannan giɓi ne babba, kuma ya kamata kwalejoji su riƙa raba zangon, ko da 'yan makonni ne a ɗakin jarirai.

Shekarun yaran da ake kawowa suna bin hutun haihuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba da mako 12. Gwamnatin Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2019, abin da ya yi daidai da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shayar da nono zalla na wata shida. Mai aiki a kamfani ko shago kuwa takan kawo jaririnta tun yana wata uku.

Aikin ɗaki

Kwanakin farko na kallo ne. Ɗaliba takan zauna a tabarma, ta koyi sunan kowane yaro da wanda ake kiransa da shi a gida, ta san wane ne ke barci sai an goya shi, wace ce ba ta shan kunu sai ya huce sarai. Tsofaffin ma'aikata suna da wata magana da suke yawan faɗa wa sababbi: "'Yata, ki fara yi masa magana kafin ki ɗauke shi." Ɗaliba mai zumuɗi takan sunkuya ta bayan yaro ta sure shi, shi kuwa ya tsorata ya fasa kuka. Wadda ta koya takan zo ta gabansa, ta durƙusa daidai idonsa, ta kira sunansa, ta miƙa hannu ta jira ya karkato.

Wannan ɗan jiran shi ne zuciyar sana'ar. Likitar yara Emmi Pikler, wadda ta buɗe gidan rainon marayu a birnin Budafes na ƙasar Hangari a 1946, ta gina koyarwarta a kan cewa lokacin wanka da ciyarwa da canza tufafi shi ne lokacin da jariri ya fi koyo, domin a nan ne babba yake ba shi hankalinsa duka. Binciken masana halayyar yara John Bowlby da Mary Ainsworth kan shaƙuwa ya nuna yaro yana samun ƙarfin zuciyar bincika duniya ne idan yana da mutum tabbatacce da zai komo wurinsa. Daga nan aka samo al'adar ba kowace ma'aikaciya 'yan yara ƙalilan da za su zama nata, ita ke karɓarsu da safe, ita ke ciyar da su, ita ke ba iyaye labari da yamma. Inda cibiya take bin wannan tsari, akan haɗa ɗaliba da yaro biyu ko uku har ƙarshen zango.

Canza famfas misali ne mai kyau. Ɗaliba za ta wanke hannu, ta tanadi komai kusa kafin ta kwantar da yaro, don kada ta juya baya ya mirgino. Tana yi tana faɗa masa abin da take yi: za mu ɗaga ƙafa, ga ruwa, da ɗan sanyi. Yaro zai yi gwaranci, ta amsa masa kamar ya faɗi magana, ta dakata ya sake. Tana shafa masa mai tana duba ko akwai ƙuraje ko zafin jiki. In ta gama ta sake wanke hannunta da nasa. A cikin minti biyar an yi tsafta, an yi harshe, an yi duban lafiya, an ƙara danƙon zumunci.

Sauran ranar wasa ne a ƙasa. Mai rarrafe yana buƙatar fili da abin da zai bi, mai tatata yana buƙatar abin dafawa. Kayan wasa ba sai na kanti ba: ƙoƙo da ludayi, gwangwani mai murfi da aka goge bakinsa, ƙyallen atamfa da za a rufe fuska a buɗe. Wannan wasan ɓuyan yana da tushe a nazarin masanin halayyar yara Jean Piaget, domin a wajen wata takwas ne yaro yake fara neman abin da aka ɓoye masa, alamar ya gane abu yana nan ko ba ya ganinsa. Abin da ake gargaɗin ɗaliba a kai shi ne duk wani ƙaramin abu da zai shige baki: gyaɗa, dutsen ado, murfin biro, maɓalli.

Ana kuma son ta riƙe littafin lura, ta rubuta abin da ta gani ba abin da take zato ba. "Ya miƙe ya dafa kujera, ya saki hannu ɗaya, ya zauna" ya fi "yana da ƙoƙari" amfani. Haka take koyon cewa girma yana da faɗi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, lafiyayyen yaro yana iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata takwas har zuwa kusan wata goma sha takwas. Sanin wannan yana hana ta tsorata uwa a banza, yana kuma sa ta gane lokacin da ya dace a ce a kai yaro asibiti.

Dubawa da maki

Masu duba ɗaliba biyu ne. Ma'aikaciyar ɗaki, wadda yara da iyaye suke kira Anti ko Malama, tana tare da ita kullum. Malamin kwaleji yana zuwa lokaci lokaci, ya zauna ya kalla, ya duba shirin darasi, ya cika takardar maki, sannan su keɓe ya yi mata gyara.

Takardar makin da aka saba da ita an gina ta ne don aji mai allo: gabatarwa, bayani, amfani da allo, tambayoyi, kammalawa. A ɗakin jarirai babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a siffar da aka sani. Abin da kan biyo baya shi ne ɗaliba ta tara 'yan shekara ɗaya da rabi a kan ƙananan kujeru, ta ɗaga kati tana rera haruffa, don malami ya ga "darasi". Yaran ba su amfana ba, ita ma ta koyi abin da ba shi ne aikinta ba.

Ga kuma ƙyuya. Daga wajen wata takwas yara da yawa sukan ƙi baƙo. Malami ya shigo da babbar riga da jaka, ɗaki ya kaure da kuka, shirin da ɗaliba ta kwana tana rubutawa ya rushe. Mai dubawar da ya san fannin ba zai rage mata maki ba. Zai cire takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa can gefe, ya yi shiru, ya ga yadda za ta yi: wa ta fara ɗauka, yaya muryarta, shin ta bar sauran ba ido a kansu, shin ta iya goya ɗaya ta rarrashi na biyu. Waɗannan mintocin sun fi kowane shirin darasi nuna ko ta cancanci a damƙa mata ɗan mutane. Don haka ya fi dacewa mai dubawa ya fito daga sashen ilimin ƙuruciya, ya zo a lokuta daban daban, har da lokacin ciyarwa da na barci, kuma a ba ra'ayin Anti nauyi na gaske, tunda ita ce ta ga ɗalibar ranar da ba wanda ke kallo.

Harshe da iyaye

Manufar 2013 ta ce a yi amfani da harshen uwa ko na al'ummar da ke kewaye a wannan mataki. A garin Kaduna wannan ba abu ne mai sauƙi ba. A ɗaki guda za a sami ɗan Hausawa, ɗan Gbagyi, ɗan Bajju, ɗan Atyap, ɗan Fulani, ɗan Yarbawa, ga iyaye da yawa da suka biya kuɗi don yaro ya ji Turanci. Dabarar da take aiki ita ce ɗaliba ta tambayi kowace uwa kalmomin da ake faɗa wa yaron a gida na ruwa, abinci, barci da fo, da kuma yadda ake rarrashinsa, ta rubuta ta manna a bango.

Mu'amala da iyaye ana koyonta ne a bakin ƙofa. A gaida uwa da sunan ɗanta, Maman wane, a tambayi yadda ya kwana, a karɓi nonon da ta tatsa a rubuta suna da lokaci. Ɗaliba ba ta ba yaro magani da ra'ayin kanta, ba ta miƙa shi ga wanda ba a rubuta sunansa ba ko da ya ce shi kawunsa ne, ba ta ɗaukar hotonsa ta saka a WhatsApp. Duka da tsawa ba su da gurbi a ɗakin. Jihar Kaduna ta yi dokarta ta walwala da kare yara a 2018.

Lafiya da yanayi

Zangon gwaji yakan faɗo cikin hunturu, lokacin tari da mura da fashewar fata, don haka ana rufe taga ta ɓangaren iska, ana yawan shafa mai da goge hanci, kowane yaro da ƙyallensa. Da damina gidan sauro ne kan gaba. A kowane lokaci jariri a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Ana son ɗaliba ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari, ta iya karanta katin rigakafi ta gane ko an yi na mako 6, 10 da 14 da na ƙyanda a wata tara, ta kuma san alamomin da ba a jira da su: numfashi da sauri, ƙin shan nono, jijjiga, faɗawar maɗiga.

Bayan kammalawa, sakamakon gwajin yana shiga cikin na NCE, kuma wadda ta faɗi sai ta maimaita shi kafin ta karɓi takarda. Daga nan sai rajista da hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, bayan cin jarrabawar cancanta da take shiryawa.