Haƙƙin mai zaɓe a Jihar Katsina

Haƙƙin mai zaɓe shi ne ikon da doka ta bai wa ɗan ƙasa na yin rajista, da jefa ƙuri'a cikin sirri, da ganin an ƙirga ta. A Jihar Katsina, kamar sauran jihohin Najeriya, tushensa shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999, sai kuma dokar zaɓe. Bayanin da ke nan ya ginu ne a kan Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi babban zaɓen 2023 da ita, kafin sabuwar dokar zaɓe ta 2026 ta maye gurbinta. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ce ke gudanar da zaɓen shugaban ƙasa, gwamna da 'yan majalisu, ita kuma hukumar zaɓe ta jiha ke yin na ƙananan hukumomi 34 da rajistar da INEC ta tattara.

Tarihi a taƙaice

Matan Arewa ba su samu wannan haƙƙi ba sai a 1976, shekaru da yawa bayan takwarorinsu na Kudu, kuma zaɓen 1979 ne babban zaɓe na farko da suka shiga. A 1993 an yi amfani da tsarin da jama'a ke kira ƙato bayan ƙato wajen fitar da 'yan takara, inda ake jeruwa a fili kowa na ganin kowa. Katin zaɓe na dindindin da na'urar karanta shi sun zo a zaɓen 2015, sannan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta maye gurbinta a babban zaɓen 2023.

Wanda ya cancanta

Sharuɗɗan ba su da yawa: mutum ya kasance ɗan Najeriya, ya cika shekara 18, kuma yana zaune, ko yana aiki, ko asalinsa daga yankin da zai yi rajistar. Dole ya je da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ba a tambayar takardar makaranta ko shaidar biyan haraji, ba a kuma neman izinin miji ko na mai unguwa. Rajista kyauta ce, karɓar kati ma haka. Yin rajista sau biyu laifi ne. Kafin zaɓen 2023, masu rajista a jihar sun haura miliyan 3.5.

Ƙofa ɗaya tak

Nan ne gizo ke saƙar. Dokar 2022 ba ta bar hanyar zaɓe fiye da ɗaya ba: mutum ya je da ƙafarsa, ranar zaɓe, rumfar da sunansa yake, riƙe da katinsa. Babu aike, babu wakilci, babu zaɓe ta gidan waya ko intanet, babu kuma zaɓen kafin rana. Marigayi Muhammadu Buhari, yana shugaban ƙasa, sai da ya riƙa zuwa Daura don ya kaɗa tasa a mazaɓar Sarkin Yara.

Wannan tsari ya fi cutar da 'yan cirani. Zaɓen 2023 ya faɗo ranar 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, tsakiyar rani, lokacin da samarin ƙauyukan Daura, Mashi ko Baure suke Legas, Abuja da Fatakwal suna neman na kansu. Mai katin ƙaramar hukumar Zango da ke zaune a Agege ta Legas bai da zaɓi sai ya biya kuɗin mota ya dawo gida tun kafin ranar, don ana taƙaita zirga-zirga ranar zaɓe. Haka ɗaliban da ke karatu a wata jiha, da masu yi wa ƙasa hidima da ake tura su aikin zaɓen, da mazauna ƙasashen waje.

Maganin da Dokar 2022 ta tanada shi ne sauya rumfa. Mai zaɓe na iya neman a mayar da rajistarsa inda ya koma, a ofishin INEC na ƙaramar hukuma ko ya fara ta shafin hukumar, muddin saura aƙalla kwana 90 a yi zaɓe. Wa'adin neman sabon kati ga wanda nasa ya ɓata ko ya lalace ma kwana 90 ne. Ana kuma kafe sunaye na kwana 7 don kowa ya duba ya nemi gyara. Mutane da dama ba sa waiwayar waɗannan ranaku sai ana gobe zaɓe, alhali a cikinsu ne ƙuri'a ke tsira ko ta salwanta.

A bakin rumfa

A 2023 ƙa'idar ita ce a buɗe da ƙarfe 8:30 na safe a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda ke kan layi a lokacin sai ya yi zaɓensa. Malamin zaɓe zai duba kati, BVAS ta tantance yatsa ko fuska, a shafa tawada a gefen farce. Dattijon da noma ya cinye zanen yatsansa ba a sallamarsa, fuskarsa ake ɗauka. Takardar ƙuri'a sai da hatimi da sa hannun shugaban rumfa a bayanta. Alamomin jam'iyyu ne a jikinta, ba hotunan 'yan takara ba, kuma dangwala wa jam'iyya biyu na lalata ta. An hana shiga wurin dangwale da waya.

Sashe na 49 na Dokar 2022 ya ce a raba layin maza da na mata inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba. Tsofaffi, masu juna biyu, masu goyo da masu buƙata ta musamman ana sa su gaba. Sashe na 54 ya bai wa makaho ko mai wata nakasa damar shiga da wanda shi da kansa ya zaɓa ya taimaka masa, ba wanda ejan ɗin jam'iyya ya tura ba.

Doka ta hana neman ƙuri'a cikin tazarar mita 300 daga rumfa. Sayen ƙuri'a laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa, kuɗi ne ko taliya ko turmin atamfa. Bayan an gama, a nan wurin ake ƙirga a gaban jama'a, a cike takardar sakamako ta EC8A, a bai wa wakilan jam'iyyu kwafi. Mai zaɓe na da ikon tsayawa cikin natsuwa ya gani da idonsa, abin da 'yan siyasar Arewa suka daɗe suna kira "a kasa, a tsare". Idan ƙuri'u suka fi yawan waɗanda aka tantance, sakamakon rumfar ya soku.

Waɗanda aka raba da gidajensu

Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka a Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sashe na 24 ya umarci INEC ta yi iya ƙoƙarinta kada irin waɗannan mutane su rasa ƙuri'arsu, kuma hukumar na da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015. Sai dai tsarin ya fi dacewa da masu zama a sansani, yayin da da yawa daga 'yan gudun hijirar Katsina suna raɓe ne a gidajen dangi da kangaye cikin gari, wasu ma katinsu ya ƙone tare da ɗakinsu. Abin takaici ne a ce wanda ya fi kowa buƙatar a ji muryarsa shi ne hanyar ta fi yi wa nisa.

Bayan zaɓe

Mai zaɓe ba ya iya shigar da ƙara gaban kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Wannan na ɗan takara ne ko jam'iyyarsa, cikin kwana 21 da bayyana sakamako, amma mai zaɓe yana iya zama shaida. Abin da ke hannunsa shi ne kiranye: idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa ba su gamsu da ɗan majalisarsu ba, INEC za ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Kiranye bai shafi gwamna ko shugaban ƙasa ba.